Saƙo ga 'yan ƙungiya: yaranmu ne za su yi adon zauren taro bana

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, maza da mata, a duk ƙasar da wannan saƙo ya riske ku. Ya sanyi? Ya yara? Allah Ya sa kowa yana lafiya.

Kwamitin walwala ya zauna kan batun taron ƙarshen shekara, ya kuma tsayar da shawara cewa bana babu reshen da zai sayi kayan adon zaure. Yaranmu ne za su haɗa su da takarda a gida. Ma'aji ya fi kowa murna, amma ba don asusunsa aka yi ba. Waɗanda ke Landan sun sani, ranar 21 ga Disamba magariba kan yi kafin ƙarfe huɗu, hasken yini ko awa takwas bai cika ba. Makarantu a rufe, waje ba ya fituwa, yaro ya wuni da waya a hannu. Gara a shimfiɗa takardu a tebur a zauna da shi, kuma muna roƙo a yi aikin da Hausa: ninke nan, yanke can, miƙo min gam.

Abin da muke so daga kowane gida shi ne sarƙar takarda. Farar takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. In aka yanka ta a gicciye, kowane yanki santimita biyu, za a samu sirara 14. Ta Amurka da Kanada ta ɗan fi faɗi da gajarta, amma ba komai. A lanƙwasa ɗaya ya zama zobe a manna, a zura na biyu a cikinsa a manna, haka har ta yi tsawo. Tsohuwar mujalla, ambulan, takardar talla da ake cusowa ta ƙofa, duk suna yi. A bar zoben ƙarshe a buɗe, don a zaure za a haɗe sarƙar kowane gida da ta maƙwabcinsa.

Inda aikin yake da ɗan wuya shi ne furen dusar ƙanƙara, wanda ake ratayawa a taga. Yawancin mutane sukan yi ta ninka takarda biyu-biyu, sai abin ya fito da reshe huɗu ko takwas. Ta gaske reshe shida gare ta, don kuwa haka ƙwayoyin ruwa suke jeruwa idan sun daskare. Wani manomi a garin Jericho na jihar Vermont a Amurka, Wilson Bentley, ya fara ɗaukar hoton furannin dusar ƙanƙara ta madubin ƙara girma a 1885, ya tara hotuna fiye da 5,000 kafin rasuwarsa. Hotunan suna intanet, a nuna wa yara su ƙirga rassan da kansu kafin a taɓa almakashi.

Ga yadda ake samun shidan. A kamo kusurwa ɗaya ta takardar a kwantar da ita a kan dogon gefe, a yanke rarar da ta rage a ƙasa, an samu murabba'i ke nan (rarar kuma ta tafi wajen masu sarƙa). A bar shi a ninke kusurwa da kusurwa, ya zama alwatika. A sake ninka shi biyu. Yanzu a riƙe tsinin da yake tsakiyar takardar yana kallon ƙasa, a raba alwatikan gida uku daidai: a kwanto da gefen dama, a rufa na hagu a kansa. Nan ne ake yawan ɓata aiki, don haka kada a danne ninkin da farce sai an ga gefunan sun hau juna. Za a ga kunnuwa biyu sun yi tsiri a sama, a datse su. Abin da ke hannu yanzu ninki 12 ne, shi ya sa siririyar takarda ta fi, mai kauri sai ta gagari almakashin yara. A ciccire ƙananan yankuna daga gefe da gefe, amma a bar wuraren da ninkin bai tsinke ba, in ba haka ba yana buɗewa zai watse a hannu. A buɗe a hankali, a danne shi cikin babban littafi ya kwana.

Ƙananan da ba su kai wannan ba sai a ba su haɗa fitilar takarda. A ninka takarda biyu ta tsawo, a tsattsaga daga wajen ninkin a tsaya saura santimita biyu a kai baki, a buɗe, a naɗe ta zagaye a manna, a sa mata mariƙi.

Iyaye mata da maza, a kula da wuta. Kada kyandir ya kusanci waɗannan abubuwa ko da wasa. Ƙaramar fitilar LED mai batir ta isa, ita ma a duba murfinta, domin ɗan batirin nan mai kama da maɓalli yana iya ƙona maƙogwaron yaro cikin sa'o'i kaɗan idan ya haɗiye shi. Kada a rataya sarƙa a kan hita, kada kuma ta rufe na'urar gano hayaƙi. Masu haya su yi hattara da salatif a bango, yana ɗago fenti, mai gida kuma ya zabtare daga kuɗin ajiya ranar tashi. A ɗaura zare a sandar labule a rataya a jiki. Gilashin taga kan yi gumi da safe a hunturu, takardar da ta manne da shi sai ta jiƙe ta yi laushi, don haka a bar ɗan tazara.

Takardar naɗe kyauta mai ƙyalli ba ta kama gam sosai, kuma yawancin wuraren sake sarrafa shara ba sa karɓarta. Mu dai a ganinmu a bar ta.

Ranar taro a zo da sarƙoƙi a cikin kwali, furanni kuma a cikin littafin da aka danne su. Muna neman matasa masu tsawo su riga kowa isowa don rataya, kuma duk mai tsani ya sanar da sakataren reshensa.

Allah Ya kai mu lafiya.

Kwamitin walwala, a madadin shugabannin ƙungiya