Sanarwa kan kulorin a ruwan ninkaya

Assalamu alaikum ƴan uwa masu kula da wuraren ninkaya. Zafi ya shigo, rana kuwa cinye kulorin (sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa) take yi, don haka a riƙa auna ruwa safe da yamma. Kulorin ya tsaya tsakanin 1 da 3 ppm (awon yawansa a cikin ruwa), pH (awon tsamin ruwa) kuma 7.2 zuwa 7.8. In pH ya haura, ƙarfin kulorin raguwa yake yi, asarar kuɗi kawai.

Warin nan mai sa ido ja ba yawan kulorin ba ne, haɗuwarsa ce da gumi da fitsari. A sa masu iyo su watsa ruwa kafin su shiga.

Don Allah, wajen haɗawa, garin kulorin ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan gari ba. Kada kuma a haɗa shi da asid.