Wasiƙa Kan Hannun Hagu a Kiɗan Fiyano

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso ni, kuma na ƙi amsa shi a gurguje ne domin tambayar da ka yi game da yaron nan naka ta taɓo abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ka ce hannunsa na dama ya faɗa, yana fitar da waƙa tsaf, amma na hagu ba ya taɓuka komai sai danna maɓalli ɗaya ya zauna a kai.

Haka yawancin yaran da ake kawo mini a nan Kaduna suke, kuma dalilin a fili yake. Fiyanon lantarki irin na Yamaha yana zuwa da kiɗan rakiya a cikinsa, da zarar an taɓa maɓalli da yatsa ɗaya sai ganga da bes, wato amo mai kauri na ƙasa, su tashi da kansu. Ba na raina masu situdiyo da ke neman abincinsu da wannan, amma yaron da ya fara a haka zai girma bai taɓa riƙe lokaci da jikinsa ba, kuma duk ranar da aka zaunar da shi gaban fiyanon katako, wanda ba ya yi wa kowa rakiya, zai rasa abin yi.

Maganin da na fi yarda da shi shi ne salon da Turawa ke kira umpa. A ƙirga bugu huɗu. A na farko ƙaramin yatsan hagu ya sauka can ƙasa ya buga do mai kaurin amo shi kaɗai (do shi ne na farko a jerin sautukan do, re, mi, fa, so), a na biyu hannun ya yi tsalle zuwa tsakiya ya danna do, mi da so a haɗe, a na uku ya koma ƙasa amma a kan so, a na huɗu ya sake danna ukun nan. Idan waƙa ta juya zuwa so, sai bes ɗin ya riƙa musanya so da re. In ya zauna daidai, za ka ji shi kamar luguden mata biyu a turmi ɗaya, kowace ta san lokacin saukar taɓaryarta.

Ai ka san wannan amo tun kafin ka san fiyano. Tuna badujalar da muke zuwa kallo a Dandalin Murtala ranar 1 ga Oktoba, inda babban ƙahon nan na tagulla, wato tuba, yake bayar da amo mai kauri, ƙananan ƙahonin kuma suna amsa masa. Haka ake yi a kiɗan maci da na rawar folka (polka) a Jamus da Ostiriya, hannun hagu kuwa aikin ƙahonin nan duka yake ɗauka shi kaɗai. Idan aka mayar da bugun uku, bes ɗaya da amsa biyu, an shiga kiɗan rawar wals ke nan, wanda Johann Strauss ya shahara da shi a Biyana.

Inda abin ya fi burge ni shi ne a hannun baƙaƙen fatar Amurka. Makaɗin fiyano Scott Joplin ya fitar da kiɗa mai suna Maple Leaf Rag a 1899, kuma a irin kiɗansa hannun hagu yana tafiya daram kamar maci, na dama kuwa yana saɓa wa bugun da gangan, yana shiga tsakanin taku da taku. Daɗin yana cikin wannan saɓanin ne, kuma ba zai fito ba muddin hagun yana tangal-tangal. Daga baya, a shekarun 1920, James P. Johnson da Fats Waller a unguwar Harlem ta birnin New York suka faɗaɗa tsallen, suka ƙara masa sauri.

Saboda haka ka sa ya kashe rakiyar na'urar gaba ɗaya. Ya fara da hagu kaɗai, a hankali ƙwarai, yana ƙirgawa da baki, domin gaggawa ce ke sa yatsa ya faɗa kan maɓallin maƙwabci. Bes ɗin ya fito da nauyi, amsar kuma ta zama gajera marar ƙarfi, don yara sukan dake ta har ta binne waƙar. Idan hannun ya saba da nisan, sai ya gwada ba tare da kallo ba, sannan ne za a shigo da dama. Fiyanonsa mai maɓalli 61 ya isa wannan aiki, kada ka yi saurin neman mai 88.

Akwai wata ɗalibata da ta fara haɗa hannu biyu a wannan zangon, har malaman da ke wucewa suka tsaya a bakin taga, kuma na yi farin ciki ƙwarai. Idan za ka zo da Sallah, ka taho da yaron in saurare shi da kunnena. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Amininka a Kaduna