Ziyarar yaranmu gidan tarihi na Jos

Assalamu alaikum iyaye da ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Asabar mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu kai yaran unguwa gidan tarihi na Jos. Haɗuwa a bakin Babban Masallaci ƙarfe 9 na safe, don Allah kada a makara.

Tun 1952 aka buɗe gidan nan, Bature Bernard Fagg ne ya assasa shi, amma yaranmu da yawa ba su taɓa leƙawa ba, abin yana damuna. A ciki akwai kawunan yumɓu na Nok, wato sassaƙen mutanen zamanin da, irin waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, ga kuma zauren tukwane daga sassan ƙasar nan. Ni dai abin da na fi so su gani shi ne ɓangaren gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya da jar ƙasa, su ga aikin maginanmu da idonsu.

Kowane gida ya ba ma'aji naira 2,000 kafin Alhamis, kuɗin mota da na shiga. A haɗo yara da ruwa da littafin rubutu. Muna neman iyaye mata huɗu masu rakiya.

Allah ya kai mu lafiya, ya bar zumunci.

Naku, sakataren rukuni