Takardar Koke ga Mai Girma Hakimi kan Ɗaukar Masu Buƙata ta Musamman Aiki

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagatai da Masu Unguwanni.
Kwafi ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya taimaki Hakimi, ya ƙara maka lafiya da imani. Bayan gaisuwa ta ban girma da biyayya, mu talakawanka makafi, guragu, kurame, bebaye, zabaya da kutare na wannan gunduma, maza da mata, mun zauna tare da sarakunanmu mun yanke shawarar kawo kukanmu gabanka a rubuce. Kukan namu a kan aiki ne. Muna roƙon ka sa baki a riƙa ɗaukar 'ya'yanmu aiki a ƙaramar hukuma da wuraren 'yan kasuwa, wanda aka ɗauka kuma a shirya masa wurin da zai iya yin aikin.

Ranka ya daɗe, ba mu manta alherin da ake yi mana ba. Duk azumi ana tunawa da mu da gero da sukari, lokaci-lokaci kuma a raba kekuna da sanduna. Allah ya saka da alheri. Sai dai kwanon gero kwana nawa zai yi a gidan mai iyali? Yaran da muka ƙi sakin su bara, muka kai su makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki, wasu suka wuce kwalejin ilimi, wasu har Jami'ar Bayero, yau ga su zaune a ƙofar gida da takardunsu a cikin leda. Mu muka ce musu boko zai raba su da roƙo. Yanzu ƙannensu na kallonsu suna tambayarmu amfanin wahalar da aka sha, mu kuwa mun rasa bakin magana.

Abin da muke nema doka ta riga ta ba mu. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman. Sashe na 29 ya ce ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su zama daga cikinmu, wato mutum ɗaya cikin kowane ashirin. Sashe na 28 ya ce wanda ya hana mutum aiki saboda nakasarsa zai biya shi diyyar da ba ta gaza naira 250,000 ba, kamfani kuma naira 500,000. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda kowa zai iya shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Mun san za a ce doka ce ta Abuja. To amma ƙaramar hukuma ita ce gwamnatin da talaka yake gani da idonsa, kuma idan ba a fara daga nan ba, ɗan ƙauye bai san inda zai je ya nema ba. Babu ɗayanmu da yake sha'awar kai shugabanninsa kotu. Shi ya sa muka fara da ƙofar uba.

Bari mu faɗa maka yadda neman aikin yake a wajenmu. Sanarwa takan fito a takarda a manna a jikin bango, makaho ba ya gani. Wani lokaci a faɗa a rediyo, kurma ba ya ji. Kafin labari ya zagayo Unguwar Makafi an rufe karɓar takardu. Wanda ya yi sa'a ya samu labari kuma, sai ya tarar da ofishin ganawa a saman bene. Akwai wani matashi cikinmu, shan-inna ta kama shi tun yana goye, ya yi karatun koyarwa ya gama da sakamako mai kyau. Ranar ganawa ya sa farar shaddarsa ta Sallah. Da ya isa sai ya ajiye kekensa a ƙasa, ya zura silifa a hannuwa, ya cije fayil ɗinsa da haƙori, ya ja jiki ya hau matakala ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya kai sama rigar ta yi buɗu-buɗu da ƙura. Yana shiga, kafin ya gama sallama, ɗaya daga cikin masu ganawar ya laluba aljihu ya miƙo masa kuɗi, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, yau muna da aiki." Mutumin bai yi da mugunta ba, mun yarda. Ya ga gurgu ne, zuciyarsa ta ba shi mabaraci. Wannan zaton shi ne abin da ya fi matakalar wahalar hawa, kuma bakin sarakuna ne kaɗai zai iya kawar da shi daga zukatan jama'a.

Waɗanda suka samu shiga ma ba su huta ba. Akwai 'yar'uwarmu da take aikin rubutu a wani ofis, ba ta shan ruwa tun safe har ta tashi, domin ban-ɗakin wurin na tsuguno ne, ƙasa a jiƙe, ita kuwa da hannu take tafiya. Ko a watan Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani, haka take wuni. Kowa ya san abin da wannan yake jawo wa ƙoda. Akwai kurman da ake kiran taron ma'aikata a gama bai san me aka tattauna ba, washegari a ba shi takardar tuhuma don bai bi sabon umarni ba. Zabiya kuma a tura shi karɓar haraji a tsakiyar kasuwa, alhali rana ita ce take ƙona fatarsa har ta kai ga ciwon daji.

Mafi ciwo a cikin duka shi ne wanda ake yi da sunan tausayi. A ɗauki makaho aikin koyarwa, sai shugaban makaranta ya ce masa, "Malam, ka yi zamanka a gida, albashinka zai riƙa shigowa." Ba a ba shi aji ba, babu mai rubuta masa rahoton ƙarshen shekara, don haka babu ƙarin girma. Ranar da aka zo tantance ma'aikata, sunansa ne zai fara faɗawa cikin na bogi. Sannan a kafa hujja da shi a ce an gwada irinsu ba su iya ba. Ranka ya daɗe, ba ma son albashin da ba mu yi guminsa ba. A ba shi aji, a zo a duba darasinsa kamar na kowa, idan ya gaza a hukunta shi kamar kowa.

Addininmu bai bar mu a duhu ba kan wannan. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, saboda shi aka saukar da farkon Suratu Abasa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa shi ladanci, ya kuma sha barin Madina a hannunsa idan zai fita. Amana ya ba shi da aiki. A zamaninmu ma Jami'ar Bayero ta ɗaga makaho, Farfesa Diso, zuwa matsayin farfesa. Ayuba Gufwan, wanda aka naɗa shugaban hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2024, shan-inna ce ta kama shi, kuma ya daɗe yana ƙera kekunan guragu a Jos. A Kano ma kekunan da da yawanmu muke hawa guragu ne suke yanka ƙarfen su yi waldarsu. Lokacin yaƙi da shan-inna mun bi ma'aikatan rigakafi gida-gida, muna nuna wa iyaye ƙafafunmu don su yarda a ɗiga wa 'ya'yansu, har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa ƙwayar cutar shan-inna ta asali ta kau daga Najeriya. Mun yi wa ƙasa wannan aikin, kuma sarakuna shaida ne, domin tare muka yi.

Don haka ga roƙonmu. Ƙananan ma'aikata daga mataki na 01 zuwa na 06 ƙaramar hukuma ce take ɗaukarsu da kanta, ba sai an jira hukumar jiha ba. Muna roƙon duk lokacin da za a ɗauka, a ware mana kasonmu, a kuma aiko da sanarwa ta hannun Sarkin Makafi, Sarkin Guragu da Sarkin Bebaye da wuri, a saka mutum ɗaya daga cikinmu a kwamitin ganawa, a yi ganawar a ƙasa. Kafin nan a ƙirga waɗanda suke aiki yanzu daga cikinmu a sakatariya, asibitocin sha-ka-tafi da makarantun firamare, a bayyana adadin. Mu kuma mun ɗauki alkawarin kawo sunayen masu takardu da masu sana'a, kowa da shaidarsa, don kada wani lafiyayye ya shigo da sunanmu, abin da ya sha faruwa a wajen rabon tallafi.

Gyaran wuri ba ya cin kuɗin da ake tsoro. Gangara ta siminti a ƙofar shiga, ban-ɗaki ɗaya na zama mai faɗin ƙofa da ƙarfen kamawa, da mayar da teburin gurgu ofishin ƙasa. Akwai manhajar NVDA da take karanta wa makaho abin da ke kan kwamfuta, kyauta ake sauke ta, wayoyin Android kuma suna zuwa da TalkBack. Mai fassara maganar hannu guda ɗaya zai wadatar da sakatariya, ya kuma taimaki kurame marasa lafiya a asibiti. Sai dai a tuntuɓe mu kafin a zuba siminti, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun ga gangarar da aka yi mai tsananin tsayi wadda ko ƙato ba zai tura keke ya hau ba.

Saura 'yan kasuwa, kuma a nan maganarka ta fi ta kowace takarda ƙarfi. Masu gidajen burodi, gidajen mai, kamfanonin ruwan leda, makarantu masu zaman kansu da shagunan ɗinki duk suna zuwa gaisuwa fadarka. Idan ka ce kowa ya ɗauki mutum ɗaya ko ya karɓi yaro ɗaya koyon sana'a, ba za su ƙi ba. Muna kuma roƙon ka sa limamai su yi huɗuba a kan kuturta. Tana warkewa, maganinta kyauta ne, wanda ya sha magani ba ya harbin kowa, amma har yau ana ƙin sayen abin hannun wanda ya warke, ana ƙin ɗaukar 'ya'yansa aiki.

Muna roƙon Mai Girma Hakimi ya sa mana rana mu zo fada tare da Shugaban Ƙaramar Hukuma, Sakataren Ilimi da shugaban ma'aikata kafin a kammala kasafin kuɗin baɗi, domin abin da bai shiga kasafi ba sai an sake jiran wata shekarar. Idan hali ya yi, a yi zaman a farfajiya, kuma za mu zo da mai fassara wa kurame.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara wa Sarki lafiya.

Mu ne talakawanka masu biyayya,

Sarkin Makafi
Sarkin Guragu
Sarkin Bebaye
Sarkin Kutare
Wakilin Zabaya
Shugabar Mata
Wakilin Matasa Masu Takardu