Wasiƙar Ƙorafi Ga Kamfanin Gyaran Motar Da Ya Sa Na Sayi Turbo Saboda Wayar Wuta Ɗaya

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Da a ce wani a ofishinku na Bauchi ya ɗaga wayata jiya, da wannan takarda ba ta fito bainar jama'a ba. Sau shida na kira tsakanin azahar da la'asar. A na shida aka ɗaga, na ji muryar mai karɓar baƙi tana cewa "shi ne dai", aka kashe.

Ranar 3 ga Yuni na kawo muku motata mai injin dizal da turbo, wato na'urar da ke matsa iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi. Fitilar cek mai nuna matsalar inji ta kama, ƙarfinta ya ragu, ko na taka totur har ƙasa sai ta yi ta nishi. Duk mako ina hawa Jos ɗauko kaya, kuma wanda ya san hanyar nan ya san daga Magama Gumau zuwa Tilden Fulani mota mara ƙarfi ba ta da sukuni. Na tsallake garejin unguwarmu na zo wurinku ne saboda allonku ya ce kuna duba mota da kwamfuta. Na biya N15,000 kuɗin dubawa. Yaronku ya jona na'urar a ƙarƙashin sitiyari, bai yi minti biyar ba ya ɗago ya ce turbo ta mutu. Bai buɗe bonet ba. Wallahi bai buɗe ba, ina tsaye.

Takardar da na'urar ta fitar tana hannuna, kuma lambar da ke jiki P024C ce. A lokacin ban san ma'anarta ba, na amince da ku. Kun ce za a kawo turbo daga Kano, kuka karɓi N420,000, da kuɗin aiki N40,000. Motar ta kwana wurinku wajen mako biyu, kullum ana ce mini gobe.

Ranar da na karɓe ta fitilar a mutu take, na yi hamdala. Washegari ban kai Nabordo ba ta sake kamawa, motar ta koma yadda take. Na dawo, aka goge lambar, aka ce kwamfutar motar ce ba ta saba da sabuwar turbo ba, aka karɓi N5,000. Na sake dawowa, aka sake gogewa. A zuwa na uku ko na huɗu, na ma daina ƙirgawa, aka ce sensa ce, aka sa wata a kan N38,000. Kwana biyu fitila ta dawo.

Wanda ya gano matsalar wani mai wayarin ne a bakin titi a Yelwa, rumfarsa ta kwano huɗu ce. Da ya ga lambar sai ya zaunar da ni a benci ya yi mini bayanin da ku ba ku taɓa yi ba. Turbo tana matsa iska, iskar ta yi zafi, sai ta bi ta intakula, wato ƙaramin lagireton da ke sanyaya ta kafin ta shiga inji. Akwai bawul da ke ba iskar hanyar kewaye intakular idan injin yana bukatar iska mai ɗumi, kuma a jikin bawul ɗin akwai sensar da ke gaya wa kwamfutar motar inda ya tsaya. P024C tana nuni ne ga layin wutar wannan sensa. Idan kwamfutar ta daina jin sensar, sai ta rage ƙarfin inji don kada ya lalace. Ya ce da turbo ce ta gaza matsa iska, lambar da aka fi gani ita ce P0299, kuma ko ita ba a yanke hukunci da ita sai an duba tiyo ko yana zubar da iska, an taɓa sandar turbo a ji ko tana wasa, an duba mai da hayaƙi.

Ya zare soket ɗin, ya sa mita. Waya uku ne: mai kawo wuta bolt 5, ta ƙasa, da mai mayar da saƙo. Biyu lafiya. Ta ukun da ya girgiza ta sai lambar mitar ta riƙa ɓacewa tana dawowa. Ya yanke robar, sai ga tagullar ta yi kore shar, ta rube, sili biyu kacal suka rage a haɗe, ruwan damina ya daɗe yana shiga. Ya yanke wurin, ya ɗinke da darma, ya naɗe. N4,000 ya karɓa. Tun daga ranar na je Jos sau biyar, fitila ba ta ko ƙyafta ba.

Ranar 22 ga Yuli da ƙarfe 11:20 na safe na zo da guntun wayar a leda na ajiye a teburin shugaban garejinku. Bai taɓa ta ba. A gaban mutum uku da ke jiran motocinsu ya ce mini: "Alhaji, kwamfuta ba ta ƙarya. Wanda ba shi da ƙarfin riƙe irin wannan mota ai sai ya nemi daidai shi." Na ce to a ba ni tsohuwar turbona. Ya ce yara sun share gareji. Na haifi kamarsa, kuma kuɗin da na ba ku na jarin shagona ne, ban roƙi kowa ba. Kwamfutar ai gaskiya ta faɗa tun ranar farko, mutanenku ne ba su karanta ba, ko kuma sun karanta suka ga turbo ta fi kawo kuɗi.

Ina so a mayar mini da N508,000, wato kuɗin turbo, da aiki, da sensa, da gogewa biyun da nake da rasit ɗinsu. Ku zo ku cire turbonku ku mayar mini da tawa, ita ɗin dai, na san alamar da ke jikinta. Ina kuma son shugaban garejin ya ba ni haƙuri a wurin da ya ci mini fuska.

Kuma ranka ya daɗe, ka shiga ɗakin ajiyar nan na bayan gareji ka ƙirga turbo nawa ne a jibge, ka tambaya nawa ne aka gwada kafin a cire. Tun da na fara ba da labarin nan a majalisarmu mutum biyu suka ce an yi musu makamancin haka a wurinku. Kuna amfani da na'urar ne ku rufe bakin mutanen da ba su san lambobin ba, sannan kayan da aka cire musu masu lafiya ba sa komawa hannunsu. Ina suke zuwa?

Na ba ku kwana 14 daga yau. Bayan nan zan kai rasit huɗu, takardar lambar, da guntun wayar ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Lambar wayata tana kan katin aikin motar.

Wassalam,
Mai motar da kuka canja wa turbo a watan Yuni, Bauchi.