Gawarwaki a bakin Ƙofar Doka

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya Fatakwal? Nan hunturu ya kankama, da safe ko dutsen Kufena ba a hangowa saboda hazo. Wata huɗu ke nan ban ji ɗuriyarka ba, ko kifin can ne ya mantar da kai tuwon gida?

Na fara rubutu, kuma abin ya hana ni barci. Ƙanena ne ya jawo. Ya shigo da wani littafin Turanci daga Samaru, na wani Ba'amurke, Seth Grahame-Smith, da ya fito a 2009. Mutumin ya ɗauki tsohon labarin marubuciyar Ingila, Jane Austen, na 1813, na 'yan mata biyar da uwarsu ta matsu ta aurar da su, ya bar yawancin maganarta yadda take, sai ya cusa gawarwakin da ke tashi daga kabari suna cin mutane, waɗanda ake ce wa zombi. 'Yan matan ga zancen aure, ga sara da takobi. Da farko raina ya ɓaci, na ga kamar an ci zarafin baiwar Allah. To amma yaron nan, da ka san sai an yi da gaske yake buɗe littafi, cikin kwana uku ya gama shi, ya dawo yana tambayata ina zai sami na asalin. Wannan tambaya ita ta tsaya mini a rai.

Sai na tuna namu. Gasar rubuta labaran Hausa da Baturen nan jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a 1933, daga nan Zariya, ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Ka tuna yadda Ganɗoki ya tashi daga yaƙi da Turawa ya faɗa cikin aljannu? Ashe gauraya tarihi da abin al'ajabi tun kakanni muke yinta, yaranmu ne kawai ba a miƙa musu ba.

Ban taɓa littafin kowa ba fa. Austen ta rasu a 1817, shi ya sa kowa ke iya ɗiba. Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, kuwa 1981 ya rasu, kuma dokarmu tana kare aikin marubuci shekara 70 bayan rasuwarsa. Ko da ma doka ta yarda, hannuna ba zai iya ba. Nawa labarin na ƙirƙira, da irin Hausar mutanen da, a zamanin da ake rufe ƙofofin ganuwa da almuru. Mayaƙan da suka faɗi a fagen fama ne ke dawowa bakin Ƙofar Doka cikin dare, kowa yana kiran sunan uwarsa a buɗe masa.

Af, mai shayinmu na Tudun Wada ya yi amarya. Ya ce in gaya maka bashin ƙwai biyun nan yana nan bai yafe ba.

Ga inda na maƙale. Na karanta wa Kawu babi na farko, ya yi shiru, sannan ya ce mamaci ba ya tashi sai ranar tashin ƙiyama, kada in koya wa yara saɓanin haka. Gaskiya ya faɗa, kuma ta dame ni ƙwarai. Yanzu tunanina shi ne ya zama aljani ne ya shiga gawa yana ara muryar mamacin. Haka ma ya fi ban tsoro, don uwa tana jin muryar ɗanta, ta kuma san ba shi ba ne. Sai suna. Fatalwa ba ta da jikin da takobi zai kama, dodo na tatsuniya ne, zombi kuma a bakin mai tsaron ƙofa ba ta zauna mini ba ko kaɗan. Kai da ka tashi a ɗakin kaka, me take kiran irin wannan abu?

Inna tana gaishe ka, ta ce in za ka zo da Sallah ka taho mata da manja. Zan turo maka babin ta WhatsApp da daddare, kada ka karanta kusa da yara.

Naka har kullum.