Dakta Bala Usman malamin aji ne kafin komai, kada mu manta da wannan

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah Ya ƙara basira. Don Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, kuma duk shekara in watan Satumba ya kama sai ta dawo mini sabuwa fil, saboda ranar 24 ga Satumba 2005 ne Allah Ya karɓi ran Dakta Yusufu Bala Usman a Zariya. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya sa ya huta.

Abin da ke damuna shi ne in an tashi tunawa da shi, a jarida ne ko rediyo ko Facebook, kusan abu ɗaya ake ta maimaitawa, ɗan gwagwarmaya, mai faɗa wa gwamnati gaskiya komai ɗacinta, jinin sarauta da ya tsaya tare da talakawa, sakataren gwamnatin jihar Kaduna lokacin Balarabe Musa da PRP, wanda shi da masanin tarihi Segun Osoba suka fitar da nasu rahoton daban a kwamitin tsara kundin tsarin mulki na 1976. Duk wannan gaskiya ne kuma ya cancanci a faɗa. Amma fa aikin da bawan Allahn nan ya shafe sama da shekara talatin yana yi, ya shiga aji ya koyar, ya duba kundin ɗalibi layi bayan layi, ya bi ƙauyuka yana zama gaban tsofaffi, ya shaƙi ƙurar tsofaffin takardu, wannan ba ka cika jin an taɓo shi ba. Alhali daga nan ne ƙarfin maganarsa ya fito. Da ba ya da hujja a hannu ai da tuni an yi watsi da shi kamar sauran masu surutu.

Ni dai ban taɓa zama a ajinsa ba, kada in ɗauki rigar da ba tawa ba. Malamin da ya koyar da ni tarihi a kwalejin ilimi shi ne ya yi karatu a hannunsa a Zariya, ni kuma yau shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da tarihi da gwamnati a sakandare, to ka ga ni jika ne a wannan gidan, kuma da bakin jika nake magana.

An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1945, mahaifinsa Durɓin Katsina ne, kakansa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ta wajen uwa kuma jikan Sarkin Kano Abdullahi Bayero ne. Ya yi kwalejin gwamnati ta Kaduna, ya tafi Ingila ya yi digiri a jami'ar Lancaster, da ya dawo a 1967 kuma ina ya nufa? Kwalejin Barewa, Zariya, ya ɗauki alli. A lokacin nan fa ana tsakiyar neman 'yan Arewa masu digiri ido rufe, mai irin takardarsa da irin gidansu duk ofishin da ya ga dama zai shiga a ba shi kujera da mota, amma ya zaɓi allo da yara. Daga nan ya wuce sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, ya kammala digirin dakta a 1974 a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, wanda shi ya kafa sashen a 1962 kuma shi ya kafa cibiyar binciken tarihi ta Arewa House a gidan Sardauna da ke Kaduna a 1970.

Shi Abdullahi Smith ɗin ma ya kamata yaranmu su san shi. Shi ne ya fito ya ce a daina ɗaukar labarin Bayajidda da macijin Kusugu a matsayin bayanin yadda ƙasashen Hausa suka kafu, a je a duba yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa, me ya tara mutane a wuri, ƙasar noma ce ko tama ce ko hanyar fatake ko wurin tsafi kamar dutsen Dala da Kufena. Wannan tambayar ita ce Bala ya ɗauka ya kai Katsina.

Kundin Bala na digirin dakta a kan Katsina ne, yadda tsohon tsarin sarauta ya rushe lokacin jihadi da yadda aka kafa masarauta a ƙarƙashin Sakkwato, daga baya aka buga shi littafi a 1981 a maɗaba'ar jami'ar, ya faɗaɗa shi tun daga 1400 har 1883. Kafin wannan aikin, abin da Turawan mulkin mallaka suka bar mana kuma muka haddace kamar karatun allo shi ne wai jihadi yaƙi ne tsakanin Fulani da Haɓe, Fulani suka ci, shi ke nan an rufe littafi. Bala ya ce a'a, ku zo mu duba su waye a kowane ɓangare, daga wane gari, me suke nomawa, wane haraji ake karɓa a hannunsu, me ya haɗa malami da basarake kuma me ya raba su. Da aka duba sai ga shi lamarin ya fi ƙarfin ƙabila. Malam Abdussalami na Gimbana da rikicinsa ya kunna wutar ba Bafulatani ba ne, Yakubun Bauchi da ya karɓi tuta ba Bafulatani ba ne, malaman 'Yandoto kuma duk da iliminsu ba su bi ba har sai da aka yaƙe su. A Katsina kanta masu jihadin ba mutum ɗaya ba ne, akwai Ummarun Dallaje, akwai Ummarun Dumyawa, akwai Na Alhaji, kowa da yankinsa da jama'arsa. Sannan sarakunan da aka kora ai ba ɓacewa suka yi ba, sun je sun kafa Maraɗi suka ci gaba da kiran kansu Sarkin Katsina, shi ya sa duk wanda zai rubuta tarihin Katsina ya tsaya a Jibiya bai tsallaka ba to rabin labari ya ji.

Malam Edita ka dubi abin da ake yi yau a soshiyal midiya a kan Hausa da Fulani, yara 'yan shekara ashirin suna zagin juna suna jingina da "tarihi", wallahi raina yana ɓaci, domin amsar da yawa daga cikin waɗannan maganganun tana nan a rubuce sama da shekara arba'in, a laburare, da Turanci, ƙura ta rufe ta.

Wani abin da ya yi da nake ganin ko shi kaɗai ya isa a kira shi malami, shi ne yadda ya zauna ya tankaɗe rubutun Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya zo Katsina a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim. Masana da yawa in Barth ya ce abu to ya zauna. Bala ya ce tsaya tukuna, kwana nawa ya yi a garin, a gidan wa ya sauka, wa ya yi masa tafinta, me ke tsakaninsa da sarki a lokacin, wa ya aiko shi kuma me suke nema? Bai ce a jefar da littafin ba, cewa ya yi a auna shi kamar yadda ake auna maganar maroƙi ko ta tsoho a zaure. Haka yake yi wa takardar Bature, haka yake yi wa rubutun Larabci na malamanmu, haka yake yi wa labarin baka, babu wanda aka ɗaga wa ƙafa.

Wannan tarbiyyar ce ta iso gare ni ta hannun malamina. Ba zan manta ba, aikin gida na farko da na kai masa na rubuta cewa Hausawa sun yi kaza Fulani sun yi kaza, shafi huɗu cur, ina ganin na burge. Ya dawo mini da takardar duk jan biro, a gefe ya rubuta wane Bahaushe, na wane gari, a wace shekara, wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa. Ya sa na koma garinmu lokacin hutu na zauna da tsofaffi uku daban-daban a kan labari ɗaya, na dawo da labari uku da ba su yi kama da juna ba, ya ce to yanzu ka fara tarihi. Har yau haka nake yi wa ɗalibaina gwargwadon abin da lokaci ya bari.

Kuma abin lura, har ya koma ga Allah Dakta ake ce masa, alhali ɗaliban da ya duba kundinsu da yawa sun zama farfesoshi. Zamanin Babangida an raba shi da aikinsa, ya je kotu ya yi nasara ya dawo ajinsa. Abokin aikinsa Mahmud Modibbo Tukur, wanda ya shugabanci ASUU kuma ya yi babban bincike a kan yadda Turawa suka ci Arewa daga 1897 zuwa 1914, ya rasu a 1988. Abdullahi Smith ya riga su tun 1984. Daga baya Bala da su Alkasum Abba suka kafa cibiyar bincike da horarwa ta CEDDERT a Zariya don binciken ya ci gaba ko da a wajen jami'a.

To yanzu ina muke? Matashin lakcara a sashen tarihi yau, yana da ɗalibai ɗaruruwa a kwasa-kwasan gama-gari, ga makin takardu, ga albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, ga yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas, sannan ƙarin girma da ƙirgen muƙalu ake yi, guda nawa ka buga, ba a cika tambayar me ke ciki ba. Ta yaya zai bar iyalinsa ya tafi ƙauye wata uku da rikoda? Ƙauyukan ma da yawa a yammacin Katsina da Zamfara yanzu ba su shiguwa saboda 'yan bindiga, kuma nan ne fa tsohon tarihin yake, nan 'Yandoto take. Ba na zargin yaran nan, na san wasunsu, suna da ƙwazo, amma an ɗaure musu hannu. Sai ka ga ɗalibi ya kwafo kundi daga intanet ya canja sunan gari ya kawo, malami ya gaji ya sa hannu. Ga shi kuma an yi shekaru an cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, sai lokacin Adamu Adamu yana ministan ilimi aka sanar da dawo da shi, a tsakanin nan an yi asarar malamai, waɗanda suka karanci tarihi suka watse zuwa wasu darussa ko suka bar koyarwa gaba ɗaya.

Ni kaina ina da nawa ciwon. Akwai wani dattijo a wani ƙauye kusa da mu, ya haura casa'in, ya san jerin masu garin da kirarinsu da labarin yunwar da iyayensa suka ba shi, yana da wasu takardun ajami a cikin gafaka. Shekara biyu ina cewa in an biya mu zan je da waya in naɗi muryarsa, in an yi hutu zan je. Ranar da na je sai na tarar an yi sadakar bakwai ɗinsa. Gafakar kuwa da aka ɗauko mini gara ta cinye fiye da rabi. Na zauna a ƙofar gidan na kasa tashi. Abin da ya tafi da shi babu shi a gidan adana takardu na Kaduna, babu shi a Arewa House, babu shi a gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, babu shi ko'ina.

Shi ya sa na ce bari in rubuto maka. Jaridarku da Hausa take fita, tana shiga inda littafin jami'a ba ya shiga. Don girman Allah ku ware ko rabin shafi ne a mako, ku nemi malaman tarihi na Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina da Maiduguri, har da na Yamai da Damagaram, kowa ya bayyana bincikensa da Hausar da mai shayi zai gane, ya faɗi inda ya samo da yadda ya tantance. Ku tuntuɓi masu haƙƙin littafin Katsina ɗin nan a ga ko za a fassara shi ana bugawa kashi-kashi, shi marigayin ai ba baƙon rubutu don masu karatun Hausa ba ne, zamaninsu sun fitar da mujallar Hausa mai suna Fitila. Sannan ku yi kira ga masu karatu, duk mai tsoho a gida ya ɗauki wayarsa ya naɗa, ya rubuta sunan gari da ranar da aka yi hirar, mai tsofaffin takardu ya ɗauki hotonsu shafi-shafi kafin damina. In kun buɗe shafin, ni zan fara aiko muku da hirarraki biyar da ɗalibaina 'yan aji biyar suka yi da kakanninsu a zangon da ya wuce, na riga na nemi izinin iyalan.

Na gode da wannan dama, Allah Ya bar zumunci.

Naka,
wani malamin tarihi a sakandare, daga jihar Katsina